Hannun Nena Fusi

A tsibirinmu na Vava'u, duk wanda numfashi ya fara yi wa gardama a hawan tudun coci, gidan Nena Fusi ake kai shi. Uwar mijina ce. Tun ina amarya ta miƙa mini dutsen daka, daga nan aiki ya zama nawa: ni ke tsinko ganyen bishiyar da muke kira nonu da sassaƙe, ni ke dakawa, ni ke tacewa. Ita nata ta ɗora tafi a ƙirjin mara lafiya, ta ba shi ya sha, ta raka shi da faɗa.

"Kai Sitani, ka cika tumbi da kitsen tumakin kanti, sannan ka zo in gyara? Ni na aike ka?"

Ban ce maganin yana warkar da kowa ba. Wasu sun samu sauƙi, wasu da kanta take kora su asibiti.

A wurinmu sanin ganye daban, magani daban. Sai mai maganin ya ɗora hannuwansa a kan naka, a zuba ruwa ya gangaro daga nasa zuwa naka. Shi muke kira fanofano. Wanda ba a yi wa wannan ba, ko ya dake dajin duka, koren ruwa kawai ya haɗa. Nena daga kakarta ta karɓa, ita kuma ta ajiye wa autarta Tapaita, wadda ke tsinkar lemo a Ostareliya.

Ana nan sai tudun cocin ya fara gagarar Nena ita ma. Muka kai ta asibiti tana ta mita. Likitar ta ce ƙofar da jini ke fita daga zuciya ta ƙandare, jijiyoyin ma sun yi tauri, kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe a hankali.

"Tsatsa? 'Yar nan, kwanon rufi kika mai da ni?"

Da aka yi zancen yi mata aikin tiyata a Okland, can ƙasar waje, ta ce ba mai tsaga ta kamar aladen Lahadi. Ƙwayoyin dai ta yarda tana sha, tana korawa da nata jiƙon. Ƙafafu suka kumbura, kwanciya ta gagara, barci sai a zaune.

Mijina Maka ne ya fara taɓo maganar a ba ni maganin. "Nena, ki wanke wa Lupe hannu mana. Ba abin da ba ta sani ba."

"Tapaita na zuwa da Kirsimeti," in ji ta. Ta kafe kai da fata.

Ni kuwa na cika na yi fam. Rannan ina shafa mata man kwakwa a ƙafa, na kasa haɗiye maganar.

"Nena, dubi faratana. Sun yi kore a gidan nan. Har yanzu bare ce ni?"

Ta daɗe tana neman numfashi kafin ta amsa. "Ke 'yata ce, Lupe, Allah shaida. Hannunki ma ya fi nata sanyi. Amma in na ba ki, me kuma zai dawo mini da ita gida?"

Na fasa faɗan da na shirya. Haushinta bai sake ni ba, ga tausayinta ya zo ya hau kai.

Tapaita ba ƙi ta yi ba. In ta baro gonar kafin a gama tsinka, baɗi ba za a ɗauke ta ba, ga yara biyu a makaranta. Kullum a waya magana ɗaya ce: "Nena, ki jira ni, saura kaɗan." Nena ta ce, "Ina zan je? Ko bakin ƙofa ba na kaiwa."

Nena ba ta kai Kirsimeti ba. Wata safiya ina daka a bayan gida, Maka ya fito ya ce mini ta cika. Na ajiye dutsen.

Aka jinkirta jana'iza har jirgin ruwa ya kawo Tapaita. Ta shigo cikin baƙaƙen kaya, da tabarmar makoki ɗaure a ƙugu kamar yadda muke yi, ba ta gaisa da kowa ba. Ta durƙusa gaban gawar, ta ce in kawo ruwa da kwano. Ta ɗaga hannuwan uwarta da ƙyar, don sun sandare, ta sa nata a ƙarƙashi.

"Zuba, Lupe."

Na zuba. Ruwan ya bi ta yatsun Nena ya sauka a nata. Ta ɗago ta dube ni, ni kaɗai a cikin mutanen nan duka.

"Yaya, ya shiga?"

Ba wanda bai san amsar ba a ɗakin, har ita. Hannun mamaci ba ya ba da magani. Na ɗauki tawul na goge hannun Nena, sannan na goge nata.