Ruwan Addu'a a Rumfar Lamduan

Lamduan ta daɗe tana ɗinki a wata masana'anta a Bankok, babban birnin ƙasarmu. Da aka halatta noman wiwi don magani, sai ta tattaro ta dawo ƙauyenmu a lardin Buriram, ta kafa gona a bayan gidan mahaifiyarta, tsohuwa Thongbai. Ba ta feshi. Da hannu take tsince tsutsa.

Wani asibitin gargajiya ya yarda zai saya, amma sai ɗakin gwaje-gwaje ya tabbatar kayan ba su da illa. Girbin fari ya faɗi. Na biyu ma haka. Fumfuna, in ji su. Asibitin ya ce in na uku ya faɗi, su da ita sai gaisuwa.

Ni maƙwabciyarta ce. Ina zaune a gidanta muna cin kwaɗon gwanda ta buga waya ga Sirinya, ma'aikaciyar ɗakin gwajin.

"Ke 'yar nan, fumfunar a idonki take ko a na'urarku?"

"Anti, wallahi tana nan. Danshi ke shiga inda kike shanya."

"Danshi a tsakiyar rani? Ko ƙadangare ƙishirwa yake ji a garin nan!"

Ta sake kwanon rufin rumfar shanyar, ta sa fanka biyu, har karen gidan ta tuhuma.

Ran nan da safe ta fita, ta koma ɗauko hularta da ta manta, sai ta tarar da tsohuwa a rumfar da kwanon azurfa da damin ciyawa, tana yayyafa wa furannin wiwin ruwan da limamin haikali ya yi wa addu'a.

"Inna! Me nake gani haka?"

"Albarka nake nema miki, tunda ke ba ki da lokacin zuwa haikali."

"Tun yaushe?"

"Tun girbin fari. Da ya faɗi na ce bai isa ba, sai na ƙara."

Lamduan ta dafe kai. "Ruwan nan ne ke kashe ni, Inna."

"Kul! Ruwan da na yi miki wanka da shi kina jaririya? Bankok ta lalata ki."

Ranar Lamduan ta ware duk abin da ya jiƙe ta ƙone, kusan rabin girbi na uku, ta sa wa rumfar kwaɗo. Tsohuwa ta daina yi mata magana. Ko shinkafa za ta miƙa mata sai ta kau da kai.

Da sakamako ya fito, ragowar ta ci gwaji. Asibiti ya karɓa.

Kafin Lamduan ta dawo daga kai kaya, labari ya gama kasuwa. Tsohuwa ce zaune gaban mai gasa kaza, mata sun kewaye ta.

"Ta hana ni shiga, sai na riƙa yayyafa wa ƙofar. Kun ga dai! Baɗi kuma tun daga iri zan fara."

Ina cikinsu Lamduan ta iso, ta ji komai. Ta kashe babur ɗinta, ta juyo gare ni.

"Maƙwabciya, ina ake sayar da waya mai ƙaya ta shinge gona?"