Faifan da Ke Gadin Shinkafar Malam Ado

Daga bakin gadar Wudil har zuwa Dagumawa, ba a taɓa haihuwar yaro mai ilimin kwamfuta kamata ba. Haka nake faɗa wa 'ya'yana, haka kuma na faɗa wa Baffa Sale wata ranar Asabar a ƙarshen damina, shekarar da nake aji uku na ƙaramar sakandare, lokacin da ya tsaya a ƙofar gidanmu ya sauke wata kwamfuta mai ƙatuwar ƙeya kamar tulu. Baffa ƙanen mahaifina ne, direba ne a jami'ar garinmu, kuma wani malami ɗan Bauchi da zai tafi ƙaro karatu ne ya bar masa ita, wayoyinta a cukurkuɗe cikin leda, da faifai guda a tsohon ambulan. Kafin a gama shigar da ita zaure, yaran unguwa sun toshe ƙofa har iska ba ta samun hanya. Baffa ya share gumi ya tambaya ko akwai wanda ya san kanta. Na dafa ƙirji na ce, "Baffa, kafin a kira la'asar za ta gaishe ka da sunanka." Ilimin nawa kuwa kashi biyu ne: hoton kwamfuta da malaminmu ya zana da alli a makaranta, sai kuma leƙen da nake yi ta tagar wani shagon buga takardu a ƙofar jami'a, inda nake kai tallan dafaffiyar gyaɗa in an tashi.

Leƙen bai tafi a banza ba. Da na jona wayoyi na kunna, allon ya nuna baƙi wuluk da layin rubutu guda, nan take na gane malamin ya goge cikinta tas kafin ya bayar, sai an sake zuba mata babbar manhajar da ke tafiyar da ita. Manhajar tana cikin faifan nan na ambulan, wanda aka rubuta sunansa da hannu da shuɗin alƙalami mai kauri. Na danna maɓalli, akwatin ya zaro harshe, rabin yaran suka watse waje. Na ɗora faifan, harshen ya koma, allon ya rikiɗe shuɗi, wani layi rawaya ya fara rarrafe daga hagu zuwa dama. Na harɗe hannu ina duban jama'a kamar ni na ƙera ta. Layin na kaiwa rabi, sai cikin akwatin ya fara kakari irin na tsohon da ƙayar kifi ta maƙale masa. Ya yi, ya huta, ya sake, sannan komai ya tsaya cak, wani rubutun Turanci ya fito. Na karanta shi daga farko, na karanta daga ƙarshe, ban san abin da yake nema a wurina ba. Aka kira la'asar, aka kira magariba, Baffa bai samu gaisuwa ba.

Washegari ya kira ni ya yanke hukunci a tsaye, hularsa a hannu. Girbin gero ya matso, zauren nan kuma a nan ake jibge buhuna, masu sayen tsohon ƙarfe kuwa ba sa fashin kasuwar Juma'a. "Ka ji, Habibu, na ba ka zuwa Juma'a," in ji shi. "In ta tashi taka ce, in bar maka lungun nan ka riƙa buga wa ɗalibai takardu. In ba ta tashi ba, Innarka ta daɗe tana neman bokitin roba." Na kalli kwamfutar, na hango ta a bayan kurar mai gwangwan tsakanin tsohon murhu da ƙafar keke, sai na ji a raina ko za a yi me, ba za ta zama bokiti ba.

Na kwafe rubutun a bayan kwalin sukari na kai wa Malam Nasiru, mai koya mana Turanci, mutumin da muke rantsuwa ya haɗiye ƙamus tun yana goye. Ya gyara tabarau ya duba.

"Ya ce ya kasa kwafe wani abu."

"Wane abu, Malam?"

"Sunan abin ba Turanci ba ne. Baƙaƙe ne aka jera ba wasali ko ɗaya, sai lambobi a wutsiya."

"To laifin faifan ne, ko na kwamfutar?"

"Bai faɗa ba. Ya dai ce ko ka sake gwadawa, ko ka tsallake, ko ka haƙura." Ya miƙo min kwalina. "In shawarata kake so, na ukun nan ya fi sauƙi."

Na farkon na ɗauka, na danna har ɗan yatsana ya yi kanta. Na gwada tsallakewa, ta yi kamar ta yarda, ta kashe kanta ta kunna, sannan ta cika allo da rubutun da ya fi na farko yawa da rashin mutunci. Da na juya faifan a rana sai na ga bayansa duk zane, kamar kaji sun yi tono a kai. Na hura masa iskar baki na goge da gefen riga. Na wanke shi da sabulun salo. Wani ɗalibi da ke sayen gyaɗata ya ce man goge baki ne maganinsa, mu kuwa gidan asuwaki ne, sai da na yi wa matar Baffa ɗiban ruwa har randa ta cika kafin ta matsa min ɗan kaɗan a yatsa. Faifan ya fito yana ƙamshi, ya dusashe kamar idon dafaffen kifi, layin kuma ya tsaya daidai inda ya saba tsayawa. Kakata Hajja, wadda ke zaune bakin murhu tana kallon wahalata, ta ce, "Maigidana, kawo shi nan in sa masa toka da soso. Tukunyar da ta fi shi taurin kai ma ta fita." Tun daga ranar na riƙa yawo da shi cikin riga, don na san Hajja in ta ƙudura wanke abu, ko madubin mota ne sai ta wanke.

Duk wannan bai ɗauke min aikin gida ba. Ragon Baffa bai san kwamfuta ba, ciyawarsa yake jira, don haka da yamma na ɗauki lauje da buhu na gangara fadama. Shinkafa ta fitar da kai ta fara nono, lokacin da tsuntsayen jan-baki ke saukowa kamar hadari, manoma kuma kowa ya ja zaren tsohon kaset a gonarsa, ya rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki. Ina sunkuye ina yanka sai wani haske ya soke min ido. Na ɗaga kai, na ga faifai rataye a sanda yana juyi cikin iska, gaba kaɗan ga wani, can ga wani. Ashe masu shara a jami'a in sun kwaso faifan da aka zubar, 'yan'uwansu manoma suke kawo wa, don walƙiyarsu na firgita tsuntsu. Na jefar da laujen. Na bi kunya-kunya cikin taɓo har gwiwa ina karanta faifai kamar mai duba marasa lafiya a asibiti: wannan wa'azi, wannan fim, wannan rana ta cinye rubutunsa. Na zaga gonakin da in aka jera su za su kai Kano. A kusurwar gabas ta wata gona na same shi, rubutun hannu iri ɗaya, shuɗin alƙalami iri ɗaya, suna iri ɗaya. Igiyar ma ta ramin tsakiya aka zura ta, ba a huda shi ba.

Gonar ta Malam Ado ce, wani dattijo siriri mai ƙarancin dariya, yana zaune a rumfar gadi yana murza igiya. Muka gaisa, na tambayi gida, na tambayi damina, na tambayi gajiya, har da lafiyar jakinsa, sannan na fito da nawa faifan na ce musaya nake roƙo. Ya karɓa ya ɗaga shi sama yana juyawa a rana, ya shinshina, ya miƙo min. "Wannan ko kaza ba zai firgita ba, ɗan samari. Me ka shafa masa?" Na ce magani ne. Ya ce to maganin ya kashe shi. Na marairaice na ba shi labarin Juma'a da bokiti. Ya nuna kusurwar da sanda. "Wancan da kake gani aiki yake yi, ba ado ba ne. In ka cire shi, sai ka tsaya a wurinsa, safe da yamma, har ranar da ka dawo da shi." Na ce na yarda tun bai rufe baki ba.

Haka na zama ma'aikacin wucin gadi a madadin faifai. Da an idar da asuba ina kusurwar gabas, majajjawa a hannu, gwangwani a wuya, ina ihu ina tsalle, sauro na shan rabonsa. Jan-baki kuwa ba su ɗauke ni a bakin komai ba. In na kora su gabas su sauka yamma, in na ruga yamma su dawo su zauna daidai inda na bar takalmina. Rana na ɗagawa su tafi hutu, ni kuma in ruga gida da taɓo a ƙafa in durƙusa gaban allo. Na wanke sabon faifan da ruwan randa, na cire kashin tsuntsun da ke kansa, na sa shi da bisimilla. Layin ya tashi, ya rarrafa, bai ma kai inda na farkon ke kaiwa ba ya fara kakari ya tsaya. Rubutun nan dai ya sake fitowa. Na zauna dirshan a ƙasa. Hajja ta leƙo ta ce, "Har yanzu amaryar taka ba ta yi magana ba?" Ni kuwa idona na kan baƙaƙen nan marasa wasali. Na ɗauko kwalin sukari na gwada. Ba su ne na rannan ba, waɗansu ne dabam.

A nan islamiyya ta cece ni. In muna ba da hadda mu biyu, ni da wanda ke kusa da ni, inda nake kakarewa daban, inda yake kakarewa daban, sai in na tsaya ya ɗora min a hankali, in ya tsaya in ɗora masa, mu kai ƙarshe ba a taɓa mu da bulala ba. Na ce to, su ma faifan nan kowa da inda haddarsa ta zube. Ban kashe komai ba, na danna harshen ya fito, na cire na Malam Ado na sa mai ƙamshin man goge baki, na danna sake gwadawa. Akwatin ya yi gyaran murya, layin ya motsa. Da ya kai rabi ya kakare, na mayar da na gona, ya wuce. Haka na yi ta yi, cire wannan sa wancan, sau dubu in ban rage ba, har layin ya kusa taɓa bango. Sai aka ɗauke wuta. Wannan ranar Laraba ce, kuma ba a dawo da wutar ba har na tafi korar tsuntsun yamma, inda na huce haushina a kan jan-baki da ihun da aka ce an ji shi a Kausani.

Ranar Alhamis da hantsi wuta ta dawo, na fara daga farko, yanzu na san kowane rami a hanyar kamar direban da ya saba da titi. Kafin azahar allon ya yi duhu, ya yi haske, wani ɗan kiɗa ya tashi, sai ga hoto mai launi ya cika fuskarta. Yaran da suka gudu ranar Asabar suka dawo da ƙannensu. Baffa ya shigo ya tsaya, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce in an girbe a kai buhunan geron ɗakin baya. Inna ba ta samu bokiti ba sai bayan sallah, kuma ta daɗe tana tuna min.

A lungun nan na koyi buga takardu da yatsa biyu, daga nan na kai ga shagon da nake ciki yau, inda ɗalibai daga Sakkwato har Yola ke kawo min kwamfutocin da ba su kai faranti kauri ba, ba su ma da harshen da za su zaro. Yanzu ɗan filashi kamar ƙwayar dabino ake sokawa, kafin shayi ya huce an gama. In saƙo ya fito, ɗana ya ɗauki hotonsa da waya, nan take a gaya masa abin da ake nufi, ba ya zuwa gidan kowa da kwalin sukari. Na gangara fadama bara, na ga leda mai ƙyalli ce ke kaɗawa a kan sanduna, faifai ko ɗaya babu, rumfar Malam Ado ma ta daɗe da faɗuwa, Allah ya jiƙansa. Aikin ya yi sauƙi, amma ban ƙara jin daɗin tashin wata kwamfuta kamar waccan ba.

Da yammacin waccan Alhamis ɗin na mayar wa Malam Ado da faifansa, ina tafe ina buɗa kafaɗa. Na rataye shi da hannuna, na tsaya ina ba shi labarin yadda na haɗa faifai biyu na tada matacciya, abin da ko a Kano sai an tara injiniyoyi. Malam Ado bai dube ni ba, yana can yana murza kan shinkafar kusurwar gabas, wanda rabinsa ya zama ƙaiƙayi.

"Madalla," in ji shi. "Ɗaure shi da kyau ka tafi gida. Tun da ka karɓi aikinsa tsuntsayen nan suka yi ƙiba, shi kuwa ko furata bai taɓa sha ba."