Kai Ne Kullum Mai Riƙe da Wayar

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Yayana bayan gajeriyar jinya. Ya bar mata da 'ya'ya uku, ƙaramarsu Auta ko shekara uku ba ta cika ba.

Yaya, ni ce ƙanwarka mai tsiwa, wadda ka sha janyewa daga faɗa a hanyar makaranta. Yau bakin ya mutu. Iyayen yaran da kake ɗauka a motar makaranta sun cika falo, suna cewa ba ka taɓa jan mota ba sai ka ga yaro ya shige ƙofar gidansu. Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai shi ne wanda na fi yi maka dariya a kai.

Tun ranar da wayarka ta faɗa bokitin wankin mota, ta tafi da bidiyon marigayiya Mama guda ɗaya tilo da muke da shi, hankalinka bai kwanta ba. Ka ce ba za a yi wa 'ya'yanka haka ba. Ka shiga neman ma'ajiyar intanet, inda hoto da bidiyo za su riƙa hawa da kansu, ko waya ta lalace suna nan. Kowa ya kawo shawara, wannan ta fi wuri, waccan ta fi sauri. Ka yi godiya, ka ci gaba da naka gwajin. Sai ka ɗora hotuna, ka miƙa wa matarka, Anti, wayarta, ka koma kicin ka bar ta ta nemo su da kanta. Anti kuwa kowa ya sani, ita da waya sai kira da ɗagawa. Da ta ƙwala maka kira, to wannan ma'ajiyar ta faɗi, sai a gwada wata.

Na ce, "Yaya, ka ishi baiwar Allah. Ba ga ka ba? Ka buɗe mata mana."

Ka ce, "To ranar da ba na nan fa?"

Na ce ka daina yi wa kanka mugun fata, ka yi dariya. A ƙarshe ka zaɓi wadda abokanka suka raina, don kawai Anti ta shiga ta fita ita kaɗai.

Tun a asibiti abin da ke cin ran Anti ɗaya ne, kada Auta ta girma ba ta san ubanta ba. Wayarka a kulle take, ba wanda ya san lambar. Da baƙi suka ragu, Anti ta zauna a bakin gado ta buɗe ma'ajiyar a tata wayar, ba ta tambayi kowa ba. Komai yana nan. Muka yi ta jan hotunan muna neman fuskarka, ba mu samu ba sai hoton katin aikinka, da wani da rabin kafaɗarka ya shigo. Ashe kai ne kullum mai riƙe da wayar. Wallahi na ji haushinka, sannan na fashe da kuka.

Sai Anti ta taɓa wani bidiyo, Auta tana koyon tafiya, tana dafa kujera. Ba ka fito ba, amma muryarka ta cika ɗakin: "Taho, taho wajen Baba."

Auta tana wasa a ƙasa. Ta saki cokalin da ke hannunta, ta miƙe, ta je bakin ƙofa ta tsaya tana jira. Anti ta ɗauko ta, ta zaunar da ita a cinya, ta sake kunna mata.

Allah Ya jiƙan ka, Yaya, Ya haskaka kabarinka, Ya haɗa ka da Mama a Aljanna. Anti, Allah Ya ba ki haƙuri da dangana, ke da yara da mu duka. Allah Ya raya Auta, Ya sa kada ta manta da wannan muryar. Amin.