Ranar da ƙanena ya kira sunan Larai

Ana sallame asuba muka bar Funtua, ni da maƙwabciyata, don tun jiya waya ta zo cewa Larai, 'yar ƙanena, tana kwance a asibiti a Malumfashi. Direba ya cusa mu huɗu a baya kamar buhunan masara. Damina ta cinye hanya, bayan Bakori kuwa har kaina ya bugi rufi. A wani tsayi muka sayi gasasshiyar masara, da na ji kuɗinta sai da na tambaya ko da gonar za a haɗa mini.

Da hantsi muka isa. Ƙanena na zaune nesa a gindin bishiya, sai ka ce rakiya ya zo. Larai 'yar fari ce, mu kuwa a ƙauyenmu can wajen Dayi uba ba ya kiran sunan ɗan fari, balle ya nuna damuwa a kansa. Da na shiga ciki, uwar ma ta sunkuyar da kai. Yarinya 'yar shekara biyar, wuya ya sanƙare, jiki kamar garwashi, kwana biyu likita na neman wanda zai yarda a ɗebi ruwan bayanta a auna, kowa na kunya! Wallahi raina ya ɓaci.

Na fita na same shi. Ya ce, "Yaya, wa ya taɓa ganin sanƙarau da damina? Kuma an ce allurar bayan nan tana gurgunta yaro."

Na ce, "Kunyarka ta tsaya nan waje. Ni goggonta ce, ni zan dangwala hannu a takardar."

Na dangwala, na riƙe ta da kaina aka ɗiba. Bayan kwanaki likita ya ce ba sanƙarau ɗin bazara da muka sani ba ne. Wata ƙwayar cuta ce da ba a cika gani ba ta kama rigar ƙwaƙwalwarta, ita ba ruwanta da damina ko rani. Aka canza allura. Rana ta shida da canjin, Larai ta juya wuya ta ce kunun da na dama ba sukari. Maƙwabciyata ta fashe da kuka, ni ko dariya na yi ta yi.

Mun baro ta da sauran makonni na allura, na kuma ja kunnen kowa kada a ɗauke ta kafin likita ya sallama. Abin da na koya, idan yaro ya kwanta, a samu mai baki a tsayar kusa da gadonsa tun ranar farko.

Ƙanena ya raka mu tasha. Mota na shirin tashi ya leƙo ta taga, idonsa a ƙasa, ya ce, "Yaya, Larai ta shanye kunun kuwa?" Har muka shigo Funtua ina jin sunan nan a bakinsa.