Goggo Mai Sabulu da Kwalbar Man Kirfa

Shekara ashirin da biyu Goggo ta yi a kan keken ɗinki, har ranar da ta kasa zura zare a allura ko da tabarau. Ba ta zauna kuka ba. Ta sayar da keken, ta sayi manyan tukwane biyu da ludayin katako, ta koma haɗa sabulu a ɗan ɗakin da ke bayan kicin ɗinta. Sabulunta iri uku ne: mai kanumfari, mai lemun tsami, da mai kirfa, wanda tun daga bakin layi ake jiyo ƙamshinsa ranar da ta dafa.

Mace ce mai fara'a da son hira. In waya ta shigo mata tana tsakiyar aiki, sai ta maƙale ta a kafaɗa, ta manta da duniya.

Wata safiya ta ɗauko kwalbar man kirfa da ta daɗe tana tsiyaya daga ciki, ta ga wasu fararen ƙwayoyi sun taru a wuyanta suna ƙyalli. Nan take ta yafa mayafi, sai shagon mai turaren da take saye a wurinsa.

"Sukari ka zuba mini a mai? Ni za ka yi wa haka?"

"Haba Hajiya, wallahi yadda ya zo na ba ki."

Ba ta saurare shi ba. Ta wuce makarantar da 'yar ƙaninta ke koyar da kimiyyar sinadarai, ta dire mata kwalbar a kan teburi.

Malamar ta kankaro ƙwayoyin da ɗan cokali, ta jefa kaɗan a ruwan sanyi. Suka ƙi narkewa. Ta sa sukari a wani kofin, ya ɓace nan da nan.

"Goggo, mutumin nan ba shi da laifi. Abin da ke ba man kirfa ƙamshi, in ya daɗe yana shan iska, sai ya rikiɗe ya zama wannan. Sinamik asid ake ce masa. Da shi bishiya ke fara haɗa abin da ke ƙarfafa itacenta. Ƙamshin kanumfarinki ma danginsa ne."

"To wa ya ba shi iskar?"

"Wa ke barin kwalba a buɗe in tana waya?"

Goggo ta fashe da dariya har da riƙe ciki. "Kin ga 'yar nan, da ni na yi miki wanka, yau kin kama ni."

Washegari ta naɗe sabulu shida a takarda ta kai wa mai turare. Ta ba shi haƙuri a gaban duk waɗanda suka ji faɗan, don ta ce a gabansu ta yi. Shi kuma ya ba ta ƙananan kwalabe masu duhu, ya ce ta rarraba man a ciki, ta riƙa buɗe ɗaya bayan ɗaya.

Tsohuwar kwalbar kuwa Malamar ta riƙe ta, ta kuma roƙi Goggo ta zo ta yi wa ɗalibai bayanin sabulu. Goggo ta ce minti goma kawai za ta yi. Sai da aka kaɗa ƙararrawa sau biyu tana kan magana, tana zagayawa da ɓawon kirfa da kanumfari tana cewa, "Ku shinshina, 'yan gida ɗaya ne." Sunan asid ɗin dai har yau bai zauna mata a baki ba, Sinamu take ce masa, kamar wani maƙwabci.

Yanzu duk shekara makarantar na aiko da mota a ɗauke ta ta je ta yi wa ɗalibai bayani. Shekararta sittin da takwas, kuma ɗalibai biyu daga ajin da ta fara yi wa bayani sun buɗe nasu wurin sabulun.