Kunyar Ɗan Fari a Layin Allura

Da marka na haifi ɗana na fari, a gidanmu na Ƙofa. Bayan na yi arba'in aka mai da ni ɗakina, a wani ƙauye da ke bayan Yako. Sunan kakansa aka raɗa masa, wato mahaifin mijina, wanda ya rasu tun kafin a kawo ni gidan. Kun ga an ɗaure ni ta ko'ina ke nan: ga kunyar ɗan fari, ga sunan suruki. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ko kuka yake sai ta kau da kai kamar na maƙwabta ne. Ni "yaron nan" nake ce masa. Uwar mijina kuwa, Inna, "maigidana" take ce masa, kuma ba da wasa ta riƙi auren ba.

Inna ce ke kai shi allurar rigakafi. Ni ina biye da ita a baya kamar 'yar rakiya, sai ya nemi nono a miƙo mini shi. Ta farko da ta biyu lafiya lau. A ta uku ne jikinsa ya yi zafi, cinyar ta ɗan tasa, ya wuni yana tsala ihu. Malamar asibiti ta riga ta gaya mana cewa hakan kan faru, a yawaita ba shi nono, zai wuce. Ya kuwa wuce, washegari da yamma har yana ɓangala wa kaji dariya. Amma Inna ta riga ta hau. Ta jefa katin allurarsa cikin kwalla ta rufe, ta ce an gama huda mata miji.

Da bazara ta kama, yaron nan ya cika wata tara, lokacin allurar ƙyanda. Sai kuma aka fara cewa ƙyandar ta ɓulla wajen Ɗansoshiya. Ni na san ta. Ina da ƙanwa da har yau ido ɗaya take gani da shi, ita ta bar mata wannan tabon. Tsoro ya cika ni, amma da wane bakin zan faɗa? Uwar ɗan fari ta tsaya gaban surukarta tana roƙo a kan ɗanta, ai sai a yi shekara ana labarin a bakin rijiya. Mijina yana kudu ci-rani. Na kewaya na kewaya a waya, da ya gane inda na dosa sai ya ce, "Duk yadda Inna ta ce."

Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Na sami faccalata, matar wan mijina, tana tankaɗe, na raɗa mata. Ita 'yarta ta huɗu take goyo, sa'ar yaron nan, kunya ta daɗe da sakinta. Ta yi dariya har tana ƙwarewa.

"Ashe kina son ɗan naki?"

"Yaya, don Allah ki rufa mini asiri."

"To, gobe zan kai tawa. Ki ce za ki raka ni. Mai shayarwa ai ba ta fita ta bar goyo."

Haka muka yi. Muka cusu a babur ɗaya, mu biyu da goyo biyu, sai asibitin Yako. Mata sun cika gindin darbejiya, malama ta riga ta fasa kwalbar allurar. Ita ta ƙyanda ba a fasa ta sai yara sun taru, in an fasa kuma ba ta kwana, wanda ya rasa sai wani zagayen. Aka yi wa 'yar faccalata. Na matsa na zauna a benci.

"Ina katinsa?" in ji malama.

Na ce na baro shi a gida.

"Ba komai, zan duba a littafi. Yaya sunansa?"

Wallahi duk shirin da muka yi, wannan tambayar ba ta faɗo mana a rai ba. Na dubi faccalata, ta dubi ƙasa, don ita ma sunan surukinta ne. Lokacin kuwa ban shiga makarantar manya ba, balle in karɓi biro in rubuta. Malama ta ɗago ta kalle mu, ta gane.

"Ɗan fari ne?"

Faccalata ta ce, "Kuma sunan baban maigida."

Sai malama ta shiga canka. Ta jero sunayen Annabawa, muna girgiza kai. Ta koma na Sahabbai, matan layi suka taya ta, kowacce tana jefo sunan mijin maƙwabciyarta ana shewa. Har wata Bafillatana mai tallan nono ta sauke ƙwaryarta ta kawo na rugarsu. Duk ba a dace ba, don sunan irin na mutanen da ne, yanzu ba a cika sa shi ba. Kowa na dariya, ni kuwa idona na kan kwalbar nan, ina ganin tana raguwa.

Ana cikin haka babur ya tsaya a bakin ƙofa, sai ga Inna, mayafi a karkace. Ashe wata ta ga inda muka nufa ta kai mata rahoto. Ko gaisuwar mutane ba ta amsa ba.

"Ba ni maigidana," ta ce da ni, ta miƙo hannu.

Malama ta gaishe ta da ladabi, ta ce, "Inna, sunansa kawai muke nema, saura kaɗan allurar ta ƙare."

Inna da ta zauna da mai sunan har ya koma ga Allah ba ta taɓa furta shi ba, yau za ta fara? Ta ce, "Ba shi da suna. Taso mu tafi."

Ban tashi ba. Na ƙanƙame yaron nan, na runtse ido, na faɗi sunan. Na so in faɗa a hankali, sai ya fito da ƙarfi, har na ƙarshen layi suka ji. Dariya ta ɗauke. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige da gudu.

Inna ta daɗe tana kallona. Na zaci za ta ce in tattara in koma Ƙofa. Sai ta gyara mayafinta, ta zauna kusa da ni, ta karɓe shi ta ɗora a cinya, ta naɗe masa hannun riga da kanta. Ta kau da fuska, ta ce wa malama, "Yi a hankali, 'yar nan." Ya yi 'yar ƙara, kafin a gama sauran alluran ranar ya kama kunnen mayafinta yana tsotsa.

Ƙyanda ta shigo ƙauyenmu kafin ruwa ya sauka, ta kwantar da yara a gidaje da dama. Namu biyun ko atishawa.

Amma a ranar, da muka fito neman babur, faccalata ta yi gaba, aka bar ni da Inna. Na durƙusa a gefen hanya na ce ta yafe mini abin da bakina ya faɗa.

"Me kika faɗa?" ta ce, tana gyara goyo. "Kunnen nan nawa ya kwana biyu ba ya ji sosai. Tashi, mutane na kallo."