Jitar Yayana a Cikin Rumbun Gero

Shekarun baya, tun kafin mu baro ƙauyenmu Dauran mu koma Ƙaura, yayana yana da wata tsohuwar jita mai lantarki, ja, fentinta duk ya koɗe. Gwanjo ce, a hannun wani Buzu ya saye ta a kasuwar Shinkafi. In ba a jona ta da sifika ba sautinta bai fi kukan sauro ba, shi ya sa nake tsokanarsa wai ya sayo allon wanki mai igiya. Gidanmu gidan malamai ne, don haka ko sau ɗaya ba ta tsallake zaurenmu ba. A shagon abokinsa mai gyaran rediyo a Zurmi take zaune, can yake zuwa ya kaɗa son ransa.

Ranar da 'yan bindiga suka tare motarsu a hanyar Moriki, bai dawo da rai ba. Allah ya jiƙansa.

Bayan addu'ar bakwai aka tattaro kayansa don rabon gado, sai ga abokin nan da jitar a cikin buhu. Baffanmu ya leƙa, ya kawar da kai.

"Wagga ba ta shiga gado. A fashe ta, kar ta zame mishi nauyi cikin kabari."

Ni aka miƙa wa gatari. Wallahi na ɗaga, hannuna ya ƙi. Inda yatsunsa ke bi a wuyanta har ya yi santsi. Sai na jawo wata kujera 'yar tsugunno a bayan ɗaki na yi ta sara don a ji ƙara, jitar kuwa na hau rumbu na cusa ta ƙarƙashin dammunan gero. Na sauko ina jin kaina sarkin dabara. Ni da na tashi a ƙauye, wai na manta da gara!

Mahaifiyata kuwa harkokinta ta ci gaba da yi. Shi ne ɗanta na fari, ko sunansa ba ta kira, hawayenta ma ba ta yarda an gani ba. Sai bayan damina, wata rana tana tankaɗe, ta ce ba tare da ta dube ni ba:

"Kujerata ka sare, na sani. Ɗauko min abin yaron nan. Ban taɓa ganin abin da shika so haka ba."

Da sauri na hau rumbu. Ina kama wuyan jitar ya marmashe a hannuna. Gara ta cinye ta tas, ba abin da ya rage sai tsirkiyoyinta shida da 'yan ƙarafa masu tsatsa. Nan na zauna cikin gero na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Haka na kawo mata su a kan faifai. Ta daɗe tana kallo, sannan ta shafa tsirkiya ɗaya.

"Ya iya kuwa?"

"Ya iya, Inna. Har mutane ke taruwa bakin shago."

Ta gyaɗa kai, ta naɗe su ta ƙulle a bakin zanenta, ta ci gaba da tankaɗe.

Har yau abin yana cin raina. Na yi ta ɓoye jitar nan kada kowa ya gani, ban taɓa kawowa a raina cewa ita ce ta fi kowa buƙatar ganinta ba. Wata da watanni tana can, taku goma daga ƙofar ɗakinta. Ita kunya ta hana ta tambaya da wuri, ni kuma wauta ta hana ni yi mata tayi.